Kamar Keke Mai Faci

Malama Surayya ta shekara shida tana koyar da Hausa a wata firamare mai zaman kanta a Nassarawo kafin ta zauna ta rubuta littafi. Abin da ya tura ta kuwa ɗan ɗakin karatun makarantar ne. Littattafan kasada da ke ciki duk na Turanci ne, yaran da ke cikinsu suna gudu a kan ƙanƙara, suna ɓuya a wasu irin gidaje da ba wanda ya taɓa gani a Jimeta. 'Yan ajinta sai su karanta shafi biyu su ajiye. Shi ne ta ce bari ta rubuta musu nasu. Yara biyu, Kausar da Danny, an sace kwale-kwalen kakan Danny a bakin kogin Binuwai, su kuma suka bi sawun ɓarawon har tsibirin da dorinai suke kwana.

Da ta gama rubutun farko ta kai wa shugabar makarantar, Madam Liyatu, wata dattijuwa 'yar Numan da ta fi shekara talatin da alli a hannu. Madam ta riƙe shi kwana uku, sannan ta kira ta ofis.

"Labarin yana tafiya," in ji Madam. "Amma zo ki gani. Kin ce kogin ya yi faɗi kamar teku. A cikin yaranki arba'in, wa ya taɓa ganin teku? Nan kuma kin ce ɓarawon mugu ne ƙwarai. Yaro ba ya ganin ƙwarai. In za ki ce wa yaro abu kaza kamar abu kaza yake, to na biyun ya zama abin da ya gani yau da safe a hanyarsa ta zuwa makaranta. In ba haka ba kin ba shi abu biyu da bai sani ba maimakon ɗaya."

Maganar ta zauna wa Surayya. Ta sayi ƙaramin littafin rubutu ta riƙa yawo da shi a jaka, duk abin da ta gani a gari ta rubuta. Ruwan kogi a damina ya zama kamar shayin da aka cika wa madara. Dorina ta buɗe baki kamar but ɗin mota a tasha. Da yaran suka ji motsi a cikin ciyawa, suka yi shiru kamar aji idan Madam ta leƙo ta taga. Cikin Danny ya juya don tsoro kamar lokacin da Keke Napep ke gangarowa daga kan gadar sama. Tana gwada su a aji ba tare da ta ce nata ba ne, inda yara suka yi dariya ta sa alama, inda suka yi zuru ta soke.

Abu ɗaya ya gagare ta, shi ne ɓarawon. Ta ba shi suna Kurungu, amma ta kasa ba shi jiki. Ta gwada kura, ta gwada maciji, duk suka fito kamar na tatsuniyar kaka, ba su da nauyi.

A bakin ƙofar makarantar akwai wani mai teburin lemu da kankana, Bappa Jibrilla, ƙanen mahaifin Surayya. Tana da shekara bakwai mahaifinta ya rasu, Bappa ya ɗauke ta ya haɗa da 'ya'yansa. Shi ya riƙa kai ta makaranta a bayan kekensa, shi ne kuma yake shigo mata da tsofaffin littattafan labari daga kasuwa, alhali shi kansa ba ya karanta boko, sai ajami da lambobi. A da babban ɗan kasuwar kayan gwari ne. A ƙarshen shekarar 2015, lokacin da tashin bam ya zama abin da ake kwana ake tashi da tsoronsa a Jimeta, ɗaya ya tashi kusa da rumfarsa. Abokan cinikinsa biyu suka rasu a wurin. Shi ya rayu, amma ƙafarsa ta dama ta gajarce, hannun hagu ya lanƙwashe bai sake miƙewa ba, wuta kuma ta ci gefen fuskarsa. Surayya tana kwalejin horon malamai a lokacin, ta bar karatu wata biyu tana jinyarsa a asibiti. Da ta samu aiki, ita ta roƙi Madam a bar shi ya kafa tebur a bakin ƙofa.

Wata Laraba, an fita tara, Surayya tana zaune a ɗakin malamai da littafinta a buɗe, ta hango Bappa ta taga yana tsallake titi da bokiti zai ɗebo ruwan yayyafa wa lemu. Ta bi shi da ido tun daga wannan gefen har wancan. Kafin ta yi wani tunani hannunta ya rubuta: Kurungu yana tafiya kamar Keke Napep da tayarsa ɗaya ta yi faci, yana ci gaba, amma kullum gefe guda yana neman faɗuwa.

Ta karanta ta ji daɗinsa har cikin ranta, don ta san ta samu abin da take nema. Kuma ba ta tsaya nan ba. Ta ƙara cewa hannunsa na hagu a lanƙwashe yake kamar ludayin miya, fatar kuncinsa kuma ta tattare kamar ledar da wuta ta lasa.

Da Bappa ya dawo da bokitin ya ɗago kai ya hango ta, ya ɗaga mata hannunsa mai lafiya. Ta ɗaga masa, ta rufe littafin. Ta gaya wa kanta cewa tun shekarun nan masu ɗingishi sun yi yawa a gari, ba wanda zai ce wane ne. Ta kuma ce in ta zo gyaran ƙarshe za ta sassauta. Gyaran ƙarshe ya zo, Madam ta ja layi a ƙarƙashin wurin da jan biro ta rubuta madalla har sau biyu, Surayya ta bar shi yadda yake.

Aka buga littafin a wata ƙaramar maɗaba'a. Makarantar ta sa shi cikin karatun aji huɗu zuwa shida, wasu makarantu biyu a unguwar su ma suka ɗauka. Yara suka so shi fiye da yadda ta zata. A filin wasa ana faɗa kan wa zai zama Kausar, wa zai zama Danny. Bappa Jibrilla kuwa ya fi kowa murna. Ya sa kwafinsa a cikin farar leda don kada ruwan kankana ya taɓa, ya jingina shi a kan tebur. Duk wanda ya tsaya sayen lemu sai ya nuna masa bangon da yatsa.

"Surayya Bobboyi," yake cewa. "Bobboyin nan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na riƙe ta."

Sati uku bayan haka, ranar wata Alhamis da aka tashi, Surayya tana tsaye a baranda tana jiran ajinta ya gama fita. Bappa ya taso daga teburinsa zai kai wa wata mata kankana cikin mota. Sai ta ga yara huɗu 'yan aji biyar sun jeru a bayansa, kowa ya karkace kafaɗa ɗaya, suna jan ƙafa, suna yin ƙarar inji da baki. Wata yarinya daga cikin ƙofa ta ɗaga murya ta ce, "Kurungu! Ina ka kai kwale-kwalen?" Dariya ta ɓarke.

Bappa ya juyo yana murmushi, don bai san me ake nufi ba, ya ɗauka wasan yara ne.

Tsakanin barandar da ƙofa bai fi taku ashirin ba. Da ta daka tsawa sau ɗaya da sun watse. Amma ta san in ta yi magana, wani yaro zai ce, ai Malama a littafinki yake, kuma Bappa yana tsaye zai ji. Sai ta juya ta koma cikin aji, ta tsaya tana goge allon da ba komai a kansa har hayaniyar ta lafa.

Daga ranar ta koma shiga da fita ta ƙaramar ƙofar baya, inda ake zubar da shara. A al'adarta kowace Juma'a bayan an sauko masallaci takan je gidan Bappa ta ci abinci. Ta tsallake Juma'a biyu, ta ce aikin jarrabawa ne. A ta uku Inna, matar Bappa, ta kira ta a waya ta ce, "Bappanki ya ce yau kam ki zo, ko ba za ki ci komai ba."

Ta same shi a tsakar gida a ƙarƙashin bishiyar mangwaro, a kan tabarma, ya miƙe gajeriyar ƙafar. Littafin yana gefensa, an cire shi daga leda. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya tambayi mijinta da yara. Inna ta kawo ruwa ta koma ɗaki, abin da ba ta saba yi ba.

"Tun da aka buga littafin nan ban ji shi daga bakinki ba," in ji Bappa. Ya miƙa mata. "Karanta mini."

Ta karɓa ta fara. Bappa yana saurare da idonsa a rufe. Da ta zo wurin dorinar da ta buɗe baki kamar but ɗin mota ya yi dariya har da tari, ya ce, "Wallahi haka take. Na taɓa ganin ta a wajen Numan." Ta ci gaba, tana jin shafi na sha tara yana matsowa. Da ta iso shi ta karanta, "Sai ga Kurungu ya fito daga cikin ciyawa." Ta sauke ido layi huɗu ƙasa ta ci gaba, "Kausar ta riƙe hannun Danny."

"Kin tsallake," in ji Bappa, bai buɗe ido ba.

Ta ɗago kai daga littafin.

"Akwai keke a wurin. Da ludayi. Karanta yadda kika rubuta."

"Bappa, don Allah."

"Na riga na ji, Surayya. Da sunan ya yi yawa a bakin yara na tambayi wani wane ne Kurungu, ya ce in duba littafin da ke kan teburina. Na zo gida na sa Naziha ta karanta mini." Naziha ita ce autarsa, tana sakandare. "Da ta zo wurin ta kasa, ta yi ta kuka, sai da na lallashe ta. Ke da kika rubuta ai za ki iya."

Surayya ta karanta. Kalmomin da ta yi alfahari da su wata da watanni suka fito daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, mai su yana zaune a gabanta da hannun a kan cinyarsa.

Bappa ya buɗe ido ya daɗe yana kallon kajin da ke tono a gindin katanga.

"Tafiyar kin gan ta daidai," ya ce. "Ni ban taɓa ganin kaina ta baya ba, yanzu na san yadda nake. Ban ce kin yi ƙarya ba. Abu ɗaya nake so in tambaye ki. A cikin littafin akwai wani tsoho mai kamun kifi da ya ba yaran abinci, ya nuna musu hanya. Shi ba ki ba shi ƙafa ba, ba ki ba shi fuska ba, kin ce yana da kirki kawai kika wuce. Da shi kika ba ƙafata, ko da yara za su yi ta kirana da sunansa har in mutu, ban damu ba. Me ya sa ɓarawo?"

Duk amsoshin da ta tanada cikin sati biyun nan, cewa ba da shi take ba, cewa haka ake rubutun yara, ba wadda ta iya fitowa. Ta sunkuyar da kai ta faɗi gaskiya.

"Saboda na san yara za su ji tsoro."

"To," in ji Bappa. Ya gyaɗa kai a hankali. "Ranar da aka kwance mini bandeji a asibiti, na ga kin fita waje kin daɗe. Kika dawo da jan ido kika ce kin je sayen ruwa. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ce yarinya ce, za ta saba. Na ɗauka kin saba."

Nan ta fashe da kuka, ta kama ƙafarsa tana roƙon gafara. Ya bar ta ta yi har ta gaji, sannan ya ce, "Na yafe. Ke 'yata ce, ina zan kai ki? Tashi ki wanke fuska, Innarki ta yi miyar kuka." Ta zauna gaban kwano, amma loma uku ta iya yi.

Ranar Litinin tun kafin a kaɗa ƙararrawa ta shiga ofishin Madam Liyatu ta buɗe mata shafin, ta nuna mata ƙofar makaranta ta taga. Madam ta karanta, ta cire tabarau, ta dafe goshi.

"Yesu na," ta ce a hankali. "Kullum ina wuce shi, ina sayen lemunsa. Kuma ni na ja layi na ce madalla. Na ce ki ɗauko abin da yara suke gani, ban yi tunanin cewa abin da suke gani ɗin wani lokaci mutum ne ba."

"Ke ba ki sani ba, Madam. Ni na sani."

A asambuli Surayya ta hau kan dakali gaban yara fiye da ɗari uku da malamai duka. Ta gaya musu mai lemun bakin ƙofa baffanta ne, shi ya riƙe ta tun tana ƙarama. Ta gaya musu abin da ya same shi a kasuwa, a shekarar da wasunsu ba a ma haife su ba. Ta ce ita ta kalle shi ta rubuta siffar ɓarawo, laifin nata ne ba nasu ba, kuma tana jin kunya. Malaman da ke bayanta wasu suka kalli ƙasa, wani kuma ta ji yana raɗa wa na kusa da shi cewa ashe da gangan ne.

Ta rubuta sabon sakin layi, inda Kurungu ke tafiya a hankali kamar mage a kan katanga, ba a faɗi komai game da hannunsa ko fuskarsa ba. Aka buga shi a ƙananan takardu, ta bi aji-aji da gam tana mannawa a shafi na sha tara. Ta je sauran makarantun biyu ta roƙa, ɗaya ta yarda, ɗaya ta ce littattafan suna gidajen yara. Kafin mako ya zagayo ta ga wasu yaran sun ɓamɓare takardar don su nuna wa ƙannensu abin da ke ƙasa. Wata yarinya 'yar aji huɗu ta same ta a baranda ta ce, ba da wata mugunta ba, "Malama, na da ya fi daɗi. Na magen ba a ganin sa."

A cikin makarantar an daina kiran sunan da ƙarfi. Amma ya riga ya fita unguwa, masu Keke Napep da ke tsayawa a wurin sun ɗauka, ba su ma san daga littafi ya fito ba. Da aka yi hutun ƙarshen zango Bappa Jibrilla ya kwashe teburinsa ya koma kusa da wata tasha can wajen Jambutu. Surayya ta je ta roƙe shi ya dawo. Ya ce mata can an fi ciniki, matafiya sun fi yara sayen kankana. Ta san wurin, ta san rana ce tsagwaronta babu inuwa, kuma masu lemu sun fi goma a jere. Ba ta yi masa gardama ba.

Bugu na biyu ya fito da gyaran. Madam ta riƙa tambayar ta yaushe Kausar da Danny za su sake fita wata kasadar, don yara suna nema. Surayya ta fara har babi uku, amma duk inda ta rubuta kamar, sai ta tsaya ta daɗe tana tunanin wa ta gani, a ina, kuma in ya ji zai ce me. Rubutun ya koma tafiya a hankali ƙwarai, har yanzu bai ƙare ba.

Ta koma zuwa gidan Bappa kowace Juma'a. Ba su sake tayar da maganar ba. Naziha ce ta ɗauki kusan shekara tana gaishe ta a taƙaice.

Wata Asabar da hantsi Surayya ta biya tashar za ta aika saƙo Mubi, ta tsaya wurin Bappa. Yana cikin zaɓar mata lemu ta kai wa yara, sai ga wani tsohon ɗalibinta da ya shiga sakandare ya zo wucewa da mahaifiyarsa. Yaron ya hango Bappa fuskarsa ta washe, ya buɗe baki ya ce, "Kuru..." Sai idonsa ya faɗa kan Malama Surayya, ya haɗiye sauran, ya rusuna ya ce, "Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, yarona," in ji Bappa. "Ya karatu? Ka girma."

Da suka wuce ya ƙulle bakin ledar da haƙori da hannu ɗaya, ya miƙa mata. Ta karɓa ba ta iya kallon sa ba. Ya ce ta gaya wa mijinta ranar Lahadi za su je Namtari duba gonar masara, in yana da hali ya zo da mota, don ƙafar ba ta son doguwar tafiya a keke yanzu. Ta ce to, za ta gaya masa, kuma ita ma za ta zo.